Shekara Biyar Bayan Janairu

A Lesta, ƙarƙashin matakalar bene,
inda mitar gas ke ƙirga numfashin gida,
akwai kwalayen takalmi bakwai,
ba takalmi ko ƙafa ɗaya a ciki.

Akawuna, Mista Gethin, mai shan shayi ba sukari,
ya gargaɗe ni tun shekarar da na sayi keken ɗinki:
"Madam Uwale, ki ƙirga shekara biyar
daga ƙarshen Janairun da ake miƙa lissafi.
Kafin nan, ko rasit ɗin allura ne, kada ki yar."
Na ce to.
In ka je gari ka tarar kowa da jela,
kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura.

Innata a Funtuwa ta sayar da man gyaɗa shekara talatin,
littafinta bangon zaure ne, alƙalaminta gawayi.
In an biya, ta shafe da tafin hannu.
In ba a biya ba, damina ta shafe,
ita kuwa ba ta manta ba.

Yau Fabrairu ta kama,
ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Na jawo kwali mafi tsufa, wa'adinsa ya cika.
Na kunna injin nan mai mayar da takarda taliya.

Leshi yadi goma sha biyu daga titin Belgrave.
Zif, zare, maɓallai masu ruwan toka.
Wuce.
Man keke, kuɗin aika kaya Manchesta.
Wuce.
Rigar amaryar da aka biya rabi,
aka fasa bikin, ba a dawo ba,
har yau tana rataye, tana jiran ƙugun da zai dace.
Na ɗan tsaya. Wuce.

Rumasa'u ta leƙo da waya a hannu:
"Mama, ki ɗauke su hoto mana, ki huta."
Na ce wayar da ke mutuwa kafin la'asar
ita zan ba ajiyar shekara biyar?
Ta yi tsaki a ciki, na ji shi.

Can ƙasa, manne da gindin kwali,
ga wata 'yar takarda, faɗin yatsa uku.
Hukuma ta ce shekara biyar,
tawada ta ce ita biyu za ta iya.
Ta kwashe kayanta ta tafi, ta bar fari fat,
sai inuwar lamba huɗu in na karkata ta ga fitila.

Na san ta.
Tikitin ajiye mota ne na asibiti,
daren da Tanimu ya dafe ƙirji a bakin ƙofa
da takalmi ɗaya a ƙafa.
Awa goma sha ɗaya na zauna a kujerar roba,
ina ɗinke addu'a da addu'a, ba allura.
Gethin ya taɓa ciro ta daga tarin, ya turo min:
"Wannan ba ta sana'a ba ce."
Gaskiyarsa.
Ni na mayar da ita, ban san dalili ba.

Daga falo Tanimu ya ɗaga murya:
"Wai har yanzu? Ki zuba su duka a shara!
Kuma wa ya ɓoye min gishiri?"
Ni na ɓoye. Likita ya ce.

Injin na gurnani, bakinsa a buɗe.
Na ba shi takardar banki, na ba shi ta inshorar shago,
ya cika ciki da shekarar da na yi ta kuka da tsadar haya.
Ashe shekara guda ba ta cika leda biyu ba.

'Yar farar kuwa,
na sa ta a aljihun keke, tsakanin ƙwarya da alli.
Babu jami'in da zai nemi ganinta,
in ma ya nema, me zai karanta?

Kwalin ya zama wofi.
Na soke tsohuwar shekara, na rubuta sabuwa a murfi,
na jefa rasit ɗin zaren jiya,
ya faɗi shi kaɗai, ya yi 'yar ƙara.
Sannan na tashi ɗora ruwan shayi,
kofi biyu.